Mai Son Katin RTX 5090 Ya Fara Duba Mitar Gidansa

RAN Litinin 6 ga watan Janairu, 2025, a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, wurin babban bikin baje kolin kayan lantarki da akan yi kowace shekara, shugaban kamfanin Nvidia, Mista Jensen Huang, ya hau dandamali ya nuna wa jama'a wani abu mai kama da bulo, wanda tsawonsa bai wuce ƙafa guda ba. Sunan abin GeForce RTX 5090, aikinsa kuwa zana hotunan da mutum ke gani a gilashin kwamfuta. Kamfanin ya yanke masa kuɗi dala 1,999. Ran 30 ga watan aka fara sayar da shi, kafin ka ce kwabo ya ƙare a kantuna, 'yan kasuwa suka yi ta sayar da ɗan abin da ya rage a hannunsu a kan kuɗin da ya ɗara wanda aka yanke nesa ba kusa ba.

A canjin wancan lokaci dala 1,999 ta tasam ma Naira miliyan uku. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yuli, 2024, sai ya tara albashinsa na shekara uku da wata bakwai, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa wannan kuɗi. Kuma fa in ya saya, ɓangare guda ne kawai na kwamfuta ya samu, sauran kayan suna nan suna jiransa.

Duk da haka akwai masu bukatarsa a ƙasar nan: masu haɗa fina-finai, da masu zanen gine-gine, da injiniyoyi, da malaman jami'a masu bincike a kan ƙirƙirarriyar basira, har da samari masu wasannin kwamfuta. Wanda ya je saye, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ne ko ta intanet, abin da za a fara nuna masa shi ne takardar bayani cike da alƙaluma. Yawancin masu saye sukan karanta layukan sama su ruɗe, su manta da na ƙasa. Shawararmu ita ce a fara daga ƙasa, inda aka rubuta wat 575, domin sauran alƙaluman duka a kansa suka rataya. Amma kafin mu kai can, bari mu bi takardar layi-layi.

MENE NE KATIN HOTO?

Hoton da ke gilashin kwamfuta ɗigo-ɗigo ne masu launi da aka jera. Gilashin da ake kira 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimla 8,294,400 ke nan. In ana son motsi ya tafi sumul ba tare da sarƙewa ba, dole a sabunta hoton sau 60 cikin daƙiƙa ɗaya, watau a lissafa launin ɗigo kusan miliyan 500 kowace daƙiƙa, kowanne da irin haskensa da inuwarsa.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ainihi tana da injinan lissafi 'yan kaɗan, galibi takwas ko goma sha shida a kwamfutar gida mai kyau. Gwanaye ne, suna iya kowane irin aiki mai sarƙaƙiya, sai dai ba su da yawa. Shi kuwa katin hoto tsarin gayya aka yi masa. Kamar yadda mai gona yakan tara mutanen gari kowa ya kama kunya guda, a gama kafin azahar abin da mutum ɗaya zai yi wata yana yi, haka katin ke raba ɗigon hoto ga dubban ƙananan injinan lissafi, kowanne ya yi ɗan aiki mai sauƙi, duka a lokaci guda. Nvidia tana kiran waɗannan injina da sunan CUDA, kuma RTX 5090 yana da guda 21,760.

Kowannensu yana bugawa har sau biliyan 2.41 a daƙiƙa, yana kuma iya yin lissafi biyu a bugu ɗaya. Mai karatu ya ninka waɗannan alƙaluma uku da kansa, zai sami wajen lissafi tiriliyan 105 cikin daƙiƙa guda. Ban da su akwai wasu injina na musamman iri biyu: guda 170 masu bin diddigin yadda haske ke sauka a kan abu ya koma, domin ruwa da madubi da inuwa su fito kamar na gaske, da kuma guda 680 waɗanda aka keɓe don lissafin ƙirƙirarriyar basira.

GUNTUN DA KE CIKI

Duk waɗannan injina suna zaune ne a kan guntun silikon guda ɗaya mai suna GB202. Faɗin fuskarsa murabba'in milimita 750 ne, watau da za a yanka shi daidai kusurwa huɗu, kowane gefe bai kai santimita uku ba. A cikin wannan ɗan wuri aka cusa taransista biliyan 92.2. Taransista makunni ne ɗan mitsitsi da ke buɗe wa wuta hanya ko ya rufe, irinsa ne aka riƙa sa wa ƙananan rediyoyin da iyayenmu suka rataya a kafaɗa, sai dai na yanzu ido ba ya ganinsa. Da mutum zai zauna ya ƙirga su ɗaya-ɗaya, guda a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai shafe shekara fiye da 2,900 bai gama ba. Guntun Intel 4004 da ya fito a 1971, wanda da shi aka buɗe wannan zamani, taransista 2,300 kacal gare shi.

Tsarin guntun an sa masa suna Blackwell, don tunawa da David Blackwell, masanin lissafi baƙar fata na Amurka, wanda a 1965 ya zama baƙar fata na farko da aka shigar cikin Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasar, ya kuma rasu a 2010. Nvidia, wadda Mista Huang da abokansa biyu, Chris Malachowsky da Curtis Priem, suka kafa a 1993, zane kawai take yi. Ƙirar guntun kamfanin TSMC na Taiwan ne ya yi ta.

Akwai wani abu da takardar bayani ba ta faɗa ba. Cikakken GB202 yana da injinan CUDA 24,576, amma a RTX 5090 an kashe guda 2,816. Dalili shi ne, gunta irin waɗannan ana yanko su ne daga faifan silikon mai faɗin milimita 300, kuma duk yadda gunto ya ƙara girma, haka yiwuwar a sami tabo a wani sashe nasa ke ƙaruwa. Maimakon a zubar da shi, sai a kashe sashen da ya lalace a sayar da sauran. Waɗanda suka fito kusan ba tabo akan kai su katunan ma'aikatu, irin su RTX PRO 6000 mai injina 24,064, wanda kuɗinsa ya ninka na wannan sau da yawa.

RUMBU DA HANYAR ZUWA GARE SHI

Gayya komai yawanta, in ba a kawo iri da ruwa a kan lokaci ba, zama za ta yi. Saboda haka katin yana da rumbun kansa na ajiyar bayanai, inda ake zuba duk abin da injinan za su yi aiki a kai. Na RTX 5090 gigabait 32 ne, na irin da ake kira GDDR7, an raba shi cikin gunta 16 masu gigabait bibbiyu, an kewaye babban guntun da su.

Girman rumbu abu guda ne, faɗin hanyar da ta haɗa shi da injinan kuma wani abu ne daban. Hanyar wannan kati tana da layi 512, kowane layi yana ɗaukar bit biliyan 28 a daƙiƙa. Da yake bit takwas ne ke yin bait ɗaya, in aka ninka 512 da 28 aka raba takwas, sai a sami gigabait 1,792 a daƙiƙa. Ma'ana, katin yana iya karance duk abin da ke cikin rumbunsa sau 56 cikin daƙiƙa guda.

Wannan layi shi ne ya fi jan hankalin masu bincike. Manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubuta magana tana ƙunshe da biliyoyin lambobi, kuma kafin ta fitar da kowane guntun kalma sai an bi ta kan lambobin nan. In an matse su har kowace lamba ta koma rabin bait, manhaja mai lamba biliyan 30 za ta ci wajen gigabait 15, ta shige rumbun har da saura. Mai biliyan 70 kuwa za ta nemi gigabait 35, ta fi ƙarfinsa. In abu bai shiga rumbu ba, yawan injina ba ya ceto, sai aiki ya koma tafiyar hawainiya.

Yadda katin wasa ya zama kayan bincike yana da tarihi. A 2012 wasu masana uku na Jami'ar Toronto a Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton, suka horar da wata manhajar gane hotuna da katunan GTX 580 guda biyu, kowanne da rumbun gigabait uku kacal, suka cinye gasar duniya da rata mai yawa. Daga baya gwamnatoci suka sa ido. A watan Oktoba, 2023, Amurka ta tsananta dokar fitar da irin waɗannan kaya zuwa ƙasar Sin, har ta shafi RTX 4090, yayan wannan kati. Sai Nvidia ta fitar da wani mai suna 4090D wanda aka rage wa injina zuwa 14,592 don kasuwar can. A 2025 ma an yi 5090D. Mai saye ya lura da harafin nan na ƙarshe, domin kaya iri-iri ne ke shigowa kasuwanninmu.

ALƘALUMAN TALLA

A wurin bikin na Las Vegas, Mista Huang ya shaida wa jama'a cewa ƙanen wannan kati, RTX 5070 na dala 549, zai yi aikin RTX 4090 na dala 1,599. Aka yi ta tafi. Amma RTX 5070 injina 6,144 gare shi da rumbun gigabait 12, alhali RTX 4090 yana da injina 16,384 da gigabait 24. To, ta yaya ƙaramin zai kamo babban?

Amsar tana cikin wata dabara mai suna DLSS 4. Katin yakan zana hoto ɗaya na gaske, sa'an nan injinan ƙirƙirarriyar basira su kintaci hotuna har uku su cusa tsakaninsa da na gaba. Ido yana ganin motsi ya ƙara laushi, adadin hotuna a daƙiƙa ya hau, amma ainihin aikin da katin ya yi bai ƙaru ba. Da katin ya fito a watan Maris, masu gwaji masu zaman kansu suka kashe dabarar suka auna, suka tarar ko kusa bai kai RTX 4090 ba. Dabarar tana da amfani ga mai wasa, amma mai zanen gini ko mai horar da manhaja ba abin da za ta tsinana masa. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ko alƙaluman da ke rubuce ma sai an tantance. A watan Fabrairu, 2025, wasu masu saye suka gano cewa sashen da ke kammala ɗigon hoto a katunansu guda 168 ne maimakon 176 da aka rubuta. Nvidia ta amsa cewa haka ne, ta ce matsalar ta shafi ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na katunan, tana rage gudu da wajen kashi huɗu cikin ɗari, ta kuma ce a mayar a musanya. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z ce ta tona asirin, kuma ya kamata duk mai saye ya sa a buɗe masa ita a gabansa kafin ya biya.

LAYIN ƘASA

Yanzu mun iso wat 575. A kwatanta katin da yayansa RTX 4090 na watan Oktoba, 2022. Injina sun ƙaru daga 16,384 zuwa 21,760, watau kashi 33 cikin ɗari. Kuɗi ya tashi daga dala 1,599 zuwa 1,999, kashi 25. Wuta ta hau daga wat 450 zuwa 575, kashi 28. Gudun da masu gwaji suka samu a wasannin 4K kuwa ya ƙaru da wajen kashi 30 ne. Ashe ƙarin gudun kusan daidai yake da ƙarin wutar. Dalili shi ne gunta biyun duka da salon ƙira ɗaya na TSMC aka yi su, taransistar ba ta ƙara ƙanƙancewa ba, aka ƙara yawanta aka ƙara mata abinci. Inda aka sami ci gaba na ainihi shi ne faɗin hanya, daga gigabait 1,008 zuwa 1,792, kashi 78 cikin ɗari.

Kusan duk wannan wuta ta filogi guda take shiga, wanda aka yi wa iyaka wat 600. Wutar bolt 12 ce, saboda haka wat 600 amfiya 50 ke nan, a kan wayoyi shida, kowace ta ɗauki amfiya takwas da 'yan kai. Tazarar da ke tsakanin wannan da iyakar abin da bakin kowace waya zai iya jurewa kaɗan ce. A 2022 aka fara samun rahoton narkewar filogin RTX 4090. A watan Nuwamba na shekarar Nvidia ta ce ta san da wajen guda 50 a duniya, ta danganta abin da rashin tura filogi har ƙarshe. Aka gyara ƙirarsa yadda katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba in bai zauna daram ba. Amma a watan Fabrairu, 2025, sai ga rahoton narkewa a RTX 5090. Wani injiniya Bajamushe, Roman Hartung, ya auna nasa katin ya nuna wa duniya waya ɗaya tana ɗauke da fiye da amfiya 20, bakinta ya kai zafin digiri 150, wasu daga cikin sauran kuwa kaɗan suka ɗauka. Masu bincike suka bayyana cewa katin yana haɗe wayoyin shida wuri guda da zarar sun shigo, don haka ba shi da hanyar sanin wadda aka ɗora wa kaya fiye da ƙima.

Sa'an nan wutar da ta shiga ba ɓacewa take yi ba, zafi take komawa. Kati mai aiki da dukkan ƙarfinsa kamar a kunna ƙwan lantarki shida masu wat 100 ne cikin akwati ɗaya. Don fitar da wannan zafi, a katin da Nvidia ta haɗa da kanta sai da aka raba allon cikinsa gida uku domin iskar fanka biyu ta ratsa ta wuce, aka kuma shafa narkakken ƙarfe tsakanin guntun da abin sanyaya shi. Amma fanka iskar ɗaki take ja. A Sakkwato ko Maiduguri lokacin bazara, inda zafi kan wuce digiri 40, katin yakan rage gudunsa da kansa in ya ji zai wuce iyaka, mai shi ya biya kuɗin gudun da ba zai gani ba, sai fa in ya ƙara na'urar sanyaya ɗaki, ita ma da nata cin wutar.

LISSAFIN GIDA

Nvidia ta ce akwatin raba wutar kwamfutar da za a sa wa katin kada ya gaza wat 1,000. Ɗan ƙaramin janareton nan da ya cika shagunanmu bai kai haka ba, ba zai ɗauke shi ba. Wanda ya dogara da hasken rana ma sai ya sake lissafin batura da faifansa.

Gaskiya ne ba kullum katin ke jan wat 575 ba. In yana zaune ba aiki, kaɗan yake ci. Amma ba don ya zauna aka saye shi ba. A ɗauka ya yi aiki sosai awa takwas a yini, kwana talatin: yunit 138 ke nan, katin kaɗai, ban da sauran kwamfutar da gilashi da sanyin ɗaki. A watan Afrilu, 2024, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta kai farashin yunit ga masu rukunin A zuwa Naira 225, kafin a ɗan sassauta daga baya. A wancan farashi yunit 138 Naira 31,050 ne, kusan rabin mafi ƙarancin albashi. Wanda ba ya samun wutar kuwa, man janareto ya fi haka tsada.

Ba muna cewa kada a saya ba ne. Ga wanda aikinsa ke bukatar rumbun gigabait 32 da faɗin hanyar nan, kuma aikin yana kawo kuɗi, lokacin da ya fito a 2025 babu katin gida da ya kai shi, kuma sa'o'in da zai rage masa suna iya biyan kuɗinsa. Irin wannan mutum ya tanadi akwatin raba wuta mai inganci da sabuwar wayarsa, ya tura filogi har sai ya ji ya kama, kada ya lanƙwasa wayar a bakin kati, ya sa na'urar daidaita wuta da ta riƙe ta in an ɗauke. Yana kuma iya rage wa katin iyakar wutarsa ta hanyar manhaja, abin da zai rasa na gudu bai kai abin da zai rage na wuta da zafi ba.

Wanda kuwa gilashinsa bai kai 4K ba, ko aikinsa bai cika gigabait 16 ba, ƙaramin kati mai cin rabin wannan wuta zai ishe shi, rarar kuɗin ya sa a batura. Jama'ar da sukan ce wanda zai sayi doki ya fara leƙa rumbun dawarsa. Mai son RTX 5090 shi ma ya duba mitar gidansa da janaretonsa da zafin ɗakinsa tukuna, in sun ɗauka, sa'an nan ya koma layukan sama.